Ninki Huɗu

Maigida ya faɗa ofishin likita waya a hannu, hula ta karkace. Uwargida na bayansa da takardar hoton ciki, ko a jikinta.

Maigida: Likita, magana ta ƙare. Ninki huɗu! Na gani a intanet.

Likita: Zauna tukuna, Malam. Ninki huɗun me?

Maigida: Wannan ciwon nata mai dogon suna, endo... endomiti...

Uwargida: Endometiriyosis. Kwana uku yana bita.

Maigida: An ce mai shi ta fi sauran mata haɗarin kansar gidan ƙwai ninki huɗu. Na ma fara neman gafararta.

Likita: Binciken da aka yi a jihar Yuta ta Amurka ka gani, na 2024. Haka ya nuna, na baya kuma sun sami ƙasa da haka. Amma idan kana da allura ɗaya aka ninka maka ita huɗu, ka zama mai garma?

Maigida: Ina fa.

Likita: To, a cikin mata 100, ɗaya da ɗan ɗoriya ce wannan kansar ke kamawa a duk tsawon rayuwa.

Maigida: Wace ce ɗoriyar? Rabin mace?

Likita: Lissafi ne. Ninka shi huɗu yadda kake so, sama da 90 cikin 100 ba za ta taɓa su ba. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata kusan miliyan 190 ke da endometiriyosis, wato ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa.

Uwargida: Ka ji ko? Ashe muna da yawa.

Maigida: To me ya haɗa shi da kansa tun farko?

Likita: Nama ne irin na shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta. Duk wata sai ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba hanyar fita. Idan a gidan ƙwai ne, tsohon jinin kan taru ya zama ƙulli mai ruwan ƙasa-ƙasa, mu kan ce masa ƙullin cakulan.

Maigida: Na sha hana ta shan zaƙi!

Likita: Launin ne kawai, Malam. Shekara da shekaru na kumburi a wuri ɗaya ake zargi da lalata wasu ƙwayoyin halitta. Masu irin wannan ƙullin haɗarinsu ya fi, shi ya sa nake son Hajiya ta riƙa dawowa muna duba girmansa.

Maigida: A yi mata gwajin jinin nan na neman alamar kansa mana, CA-125.

Likita: Endometiriyosis kaɗai ma yana ɗaga shi. Sai dai ya ƙara hana ka barci. Hajiya, in kin ji kumburin ciki da ya ƙi sauka, ko saurin ƙoshi, ko ciwon ya sake salo, kada ki jira ranar da na ba ki.

Uwargida: To, Likita. Shekara bakwai ina murƙususu duk wata, yana ce mini kowace mace haka take. Waya ta yi magana sau ɗaya, ga shi har da ƙwalla.

Maigida: Ƙura ce ta shiga idona.

Likita: Miƙo hannu in auna jininka.

Maigida: Ai ba ni ne marar lafiyar ba.

Likita: (yana duban na'ura) Hajiya, ɗan tashi ki ba shi gadon.