Kachalla ce ke yi mana kiwon jan-baki

Duk shekara idan shinkafa ta fara cika ido a fadamun Guri da Kiri Kasamma, zance ɗaya ne a majalisa, a ƙofar masallaci, har teburin mai shayi: yaushe jirgin feshi zai zo? Na san wasu iyayenmu ba za su ji daɗin wannan magana ba, amma ni a ganina mun ɗora buri a kan abin da ba shi ne magani ba. Jan-baki, tsuntsun nan mai cinye hatsi a gona, yana da gida, gidan nan kuwa kachalla ce, doguwar ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa.

Wanda bai taɓa tsaron gona ba ba zai gane zafin abin ba. Tun kafin a sallame sallar asuba yara sun fita, an ja igiya daga wannan kunya zuwa waccan, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mai majajjawa na jifa, mai ihu na ihu har murya ta dushe. Sai ka hango su sun taso daga cikin kachalla kamar hadari, ka kore su gabas su sauka yamma. Tsuntsu ɗaya kimanin giram 10 na hatsi yake ci a rana, to amma wa ya iya ƙirga su? A makonnin nan 'yan ɗalibai kaɗan ne ke saura a azuzuwan firamare, islamiyya ma haka, kuma ba na iya ganin laifin uban da ya ce ɗansa ya tafi gona.

Ku tambayi dattawa yadda kogin Hadejia yake a da. Yakan cika da damina ya malala fadama, da rani ya ja baya ƙasa ta bushe ƙaƙas. Manomi ya girbe shinkafa, ya shuka wake a danshin da ruwa ya bari, Fulani su sauko da shanu, masunta su bi tafkuna da gora da koma. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma yana zuwa rani da damina. Kachalla kuwa abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe magudanai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya. Shi ya sa wani gari ambaliya ke cinye masa gidaje, wani kuma can ƙasa wajen Gashuwa yana jiran ruwan da bai iso ba. Ba cewa nake yi madatsun ba su da amfani ba. Shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa da su ake nomawa. Amma mu ne muke biyan kuɗin a nan.

Feshi yana kashe jan-baki, ban musa ba. Sai dai bayan 'yan makonni wasu sun cike gurbi, tunda makwancinsu na nan. Abin da ya fi damuna, guba ba ta tantancewa. A kan ruwa take sauka, inda muke kama tarwaɗa da karfasa, inda shanu ke sha. Kuma kowa ya san ana soya jan-baki a sayar a kasuwa. Wa ya tabbatar mana yara ba sa tsinto waɗanda feshi ya kayar?

Sannan ba kowane tsuntsu ne maƙiyinmu ba. Ɗinya, kirinjijiya, zalɓe, balbelar da ke bin shanu tana cinye fara, da agwagin ruwa da ke ƙetaro Sahara daga Turai duk lokacin sanyi, duka a nan suke. Saboda su ne Yarima Philip na Ingila ya zo dausayin Dagona a 1989, saboda su aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008. Yau samari nawa ne a garinmu suka taɓa jin kukan gauraka da kunnensu? Wallahi wannan yana ci mini rai.

Aikin da na ga yana tasiri shi ne gayya. Maza su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su sare kachalla ta ƙasan ruwa don ta nutse ta ruɓe. Idan ka sare ta a sama, sake tofowa take yi. Matsattsaku na manne wa mutum a ƙafa, ganyenta na yanka hannu, wasu su fito da tsargiya. Mata na bakin gaɓa da tulun kunu. Ran da aka buɗe magudana ruwa ya fara gudu, farin cikin da za ka gani a fuskar masunta ya isa shaida. Manyan injuna suna da wurinsu a babban kogi, amma ƙananan magudanan da ke kai ruwa gonaki sai da hannu.

To me zai hana a ware wani abu daga kuɗin feshi a saya wa masu gayya takalman roba, kwale-kwale da maganin tsargiya? A zauna da masu kula da madatsun a tsara lokacin da za a bar wasu magudanai su bushe, a samu damar ƙone saiwar. A Senegal da Muritaniya gawayi ake yi da ita, mu kuma ga matanmu na sayen itace da tsada. Masu unguwanni da sarkin ruwa, don Allah ku sa ranar gayyar bana tun ruwa bai taso ba, ku kuma sanar da garuruwan da ke sama da mu, domin idan mun share tamu su ba su share ba, ruwan ba zai iso mana ba.