Yadda Na Kusa Hana Abokina Aikin Coci a Utah

Waɗanda suka san zamana a Provo, a jihar Utah ta Amurka, sun san saurayin nan da muke haya tare, wanda bai taɓa kurɓar shayina ba saboda cocinsu na Mormon ya hana. Shi ya gayyace ni wata Lahadi da za a ɗora masa aikin koyar da matasa. Saboda haƙƙin maƙwabtaka na zura babbar riga, na kafa hula, na tsinci kaina cikin mazan da kusan kowannensu farar taguwa ce da laktaye a jikinsa.

A cocin nan ko shugaban majami'ar unguwa, wanda suke kira bishop, ba ya karɓar albashi, kuma kowane aiki wani daga cikin jama'a ake ɗora wa. Sai a karanta sunan mutum, a ce mai goyon baya ya ɗaga hannun dama, sannan a tambaya ko akwai mai ja, shi ma ya ɗaga. Wannan tambaya ta biyu ita ce abokina bai ga dalilin gaya mini ba.

Da aka kira sunansa, hannuwa suka tashi gaba ɗaya, ni kuwa nawa ya maƙale cikin hannun riga, wanda ya zame daga kafaɗata ya shige ƙarƙashin cinyata. Kafin in zaro shi in naɗe, kowa ya sauke nasa, mataimakin bishop kuma ya riga ya yi tambaya ta biyu. A daidai lokacin na miƙa hannuna sama iyakar tsawonsa, ina murmushi, har ina gyaɗa wa abokina kai don ya san ina tare da shi. Ɗakin ya yi tsit. Mutumin ya dubi takardarsa, ya dube ni, ya ce cikin ladabi in ga bishop bayan an tashi, ni kuma na amsa da fara'a, a zatona karramawa ce ake yi wa baƙo.

Har yau ban yafe wa tsohuwar da ke gefena ba. Ta ga kokawar da nake yi da riga tun daga farko, kuma taɓa ni kawai da ta yi da ya wadatar, amma sai ta janye jakarta daga kusa da ni. Alewar da take raba wa 'yan layinmu ma ta tsallake ni da ita.

A ofis na yi bayani da rantse-rantse, aka yi dariya mai isarta. Ganin kujera ɗaya a tsakiyar ɗaki babu kowa a kai, na nufe ta zan huta, sai abokina ya riƙo rigar nan dai, domin kujerar tasa ce. Ya zauna, maza uku suka ɗora hannuwansu a kansa, ɗayansu ya ambaci cikakken sunansa, ya ce da ikon firistancin Malkisadik, wato babban matakin limanci a cocinsu, ya keɓe shi ga aikin, sannan ya sa masa albarka. Ni dai ina jikin bango, hannuwana biyu a cikin aljihu.

Muna fita muka ci karo da tsohuwar a bakin ƙofa, ta ce ta ji daɗi da na sauya ra'ayi. Alewar dai ba ta ba ni ba.