Tsagar Gobirawa a Liyon

Shekara huɗu ke nan ina Liyon ta ƙasar Faransa, aikin ɗaukar kaya nake a wani babban sito bayan gari, amma ban taɓa jin abin da ya tsaya mini a rai ba kamar na ranar Talatar nan. Lokacin hutu ne, muna ɗakin cin abinci irin nasu, kowa da 'yar robar abincinshi yana bin layin na'urar ɗumamawa, ido kan waya, shiru kamar gidan makoki. Sai wata mata da muke aiki tare ta matso ta rage murya, wai in ba zan ji haushi ba, a wane yaƙi aka yi mini wannan? Tana nuna kumatuna, har idonta ya kawo ruwa fa. Ashe wata takwas ke nan ita da sauran sun gama yanke cewa ina cikin yaran nan da ake ba bindiga, shi ya sa shef, wato shugabanmu na wurin aiki, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ni kuwa ina ta zaton ƙwazona ne.

Tsagar Gobirawa fa jama'a! Wanzami ya yi mini ita a Tibiri ina jinjiri.

Rashin sanin bai dame ni ba, ina za ta sani. Shirun wata takwas ɗin ne ya ƙona ni. Mutanen nan ladabi kamar me, bonjur, pardon, mersi, su riƙe maka ƙofa ko kana nesa sai ka ɗan yi gudu don kunya, a ƙidayarsu ma ba a tambayar ƙabila ko launin fata, amma hukuncinka na nan a cikinsu an rufe. Ka sauka metro a Giyotiyer inda shagunan baƙaƙe da Larabawa da 'yan Sin suke, ka ga yadda ake gyara riƙon jaka, kuma da murmushi. Ka ce Nijar su ce Najeriya, ka gyara su ce to ai kusa ne.

Mu ma muna yi wa mutane kuɗin goro, ban ce ba ma yi ba. Ɗan Maradi ya shiga Yamai an gama cewa ba abin da ya sani sai ciniki. Amma namu a fuska ake faɗa maka. Bazabarme ya hango tsagata a tasha zai ce kai bawana zo ɗauki kayan ubangidanka, in ce mishi je ka ƙarasa koptonka, kwaɗon ganyen nan naku, tukuna, a yi dariya, ƙarshe shi zai biya kuɗin shayin. Wasan nan har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014, da sunan Nijar.

E, akwai wanda ba wasa ba ne. Wani abokina a unguwar Zariya ta Maradi an hana shi yarinya don kakanshi mahauci ne, yaro mai natsuwa da shagonshi, ba wanda ya dube shi shi kanshi. Nan kuwa ba mai tambayarka sana'ar kakanka, wannan kam na ba su. Amma shi ai an faɗa mishi dalili, ya san da wa yake faɗa, ni wata takwas ana tausayina ban sani ba.

Na yi wa matar bayani, ta ce pardon ya fi sau goma, washegari ta zo mini da gato, wato kek. Yanzu ba mai kallon fuskata sam, ana magana da ni ana kallon kafaɗata.

Jiya a taram na ji wani yana Zabarmanci a waya, wallahi sai da na gyara tsayuwa na juya mishi kumatuna sosai ko zai gani ya ce bawana. Ya sauka a Perash bai ko ɗago kai ba.