A daina tilasta wa wanda aka sara ya ce "na yafe"

Bidiyon nan da ake ta turawa a WhatsApp tun makon jiya shi ya hana ni sukuni, don na san yaron da ke ciki, ƙofar gidansu na kallon tamu. An zaunar da shi a kan tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, hannunsa na dama a naɗe da bandeji, ga ɗaya daga cikin waɗanda suka sare shi a gefe ya sunkuyar da kai, dattawa sun zagaye su, wani ya ɗaga waya yana ɗauka yana cewa ɗaga murya jama'a su ji. Yaro ya ce na yafe. Aka yi kabbara aka shafa fatiha. A ƙasan bidiyon kuwa sai zuba masha Allah ake yi, wai wannan shi ne namiji, wai irin juriyar mutanen Jos kenan, komai ya same mu sai mu kakkaɓe riga mu miƙe.

To ni dai ban yi kabbarar nan ba, kuma ina da dalili.

Sati bakwai da suka wuce ne, bayan sallar isha'i, 'yan sara-suka biyu suka tare kekensa kamar fasinjoji, da suka kai wani lungu da babu wuta suka ce waya da cinikin yau. Ya miƙa musu, bai yi gardama ba, amma duk da haka sai da suka kai masa sara ya kare da hannu. Leda biyu ta jini aka ƙara masa. Yanzu yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa, kuma a hannun da ake murɗa wutar keke da shi ne, don haka mai keken ya karɓe abinsa ya ba wani tunda balas ba ya jiran mara lafiya. Mahaifiyarsa keken ɗinkinta ta sayar aka biya kuɗin tiyata. Wannan duk wanda ya leƙa gidan zai gani. Abin da ba a gani sai dare ya yi: a zaune yake kwana ya jingina bayansa da bango yana fuskantar ƙofa, ranar nan murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida sai ga shi a bayan ƙyaure jikinsa na ɓari, kuma yaron da ba ya rasa sahun farko yanzu magariba na yi ba mai iya fitar da shi. Da na zauna da shi na ce ɗana, yaya jikin, sai ya ce Kawu, hannun da sauƙi, amma in na rufe ido hasken addar nan nake gani. Na tambaye shi to me ya sa ka ce ka yafe? Ya ce Kawu, dattawa goma sha sun zo har gida sau uku, Babanmu ya ce kar in kunyata shi, ni wane ne.

Wannan shi ake kira sulhu. Ni kuwa a wurina an bar jaki ne ana dukan taiki. Wanda ya ɗauki adda ya kwana uku a ofishin 'yan sanda aka yi belinsa, ba a ce ya biya ko kuɗin allura ɗaya ba, shi kuwa wanda jininsa ya zuba shi aka ɗora wa nauyin zaman lafiyar unguwa gaba ɗaya, in ya ce kotu zai je ya zama mai taurin kai, mara tawakkali, mai son tada fitina.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake jingina abin nan da addini. Haba jama'a. Yafiya haƙƙin wanda aka zalunta ne, shi ke bayarwa in ya ga dama a lokacin da ya ga dama, shi ya sa ma take da lada. Ayar da ke cikin Suratus Shura da ta ce wanda ya yafe ya gyara ladansa na wurin Allah, ayoyi biyun da ke biye da ita cewa suka yi wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa, laifi na kan masu zaluntar mutane. Me ya sa kullum rabin farko kawai ake karanta wa wanda ke kwance a gadon asibiti? A Suratul Ma'ida an ambaci ƙisasi har a kan raunuka, malaman fiƙihu sun yi bayanin diyyar hannu da ta yatsa dalla-dalla, ba wanda ya ce yatsan talaka kyauta ne. Kuma masu cewa in dai ka yafe to dole ka manta, su koma su karanta labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya tambaye shi ko zai iya ɓoye masa fuskarsa. Fiyayyen halitta kenan, zuciyarsa ba ta so ta riƙa ganin fuskar nan ba. Amma mu sai mu zaunar da ɗan shekara ashirin da biyu gwiwa da gwiwa da wanda ya so raba shi da hannu, mu ce su gaisa a ɗauki hoto. Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau zai yi, kuma ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ya yi rauni. Mu a nan namiji ya zubar da hawaye sai a ce kai ba namiji ba ne, ka daure mana.

Hausawa ma sun daɗe da sanin ciwon nan, su suka ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Likitoci na kiransa PTSD, a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi cikin jerin cututtuka bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Yadda abin yake, jiki ne ke ƙin yarda cewa haɗari ya wuce, sai ya zauna cikin shirin gudu dare da rana, ƙara kaɗan zuciya ta buga, mafarki ya riƙa maimaita abin da ya faru, mutum ya riƙa kauce wa hanyar da abin ya same shi ko da zagaye zai yi mai nisa, ga saurin fushi, ga rashin barci. Da yawa abin kan lafa musu da kansa cikin 'yan makonni in sun samu kwanciyar hankali da mutanen da ke sauraronsu. Amma in ya wuce wata guda yana nan daram, to ya zama ciwon da ke buƙatar magani, kuma yana da magani. Yanzu ku gaya min, wace kwanciyar hankali yaron nan zai samu alhali wanda ya sare shi yana wucewa ta ƙofar gidansu kullum zuwa majalisa? Wasu maƙwabta har sun fara raɗe-raɗin wai iska ce ta taɓa shi a lungun nan. Ni ban hana ruƙiyya ba, a yi addu'a a yi tofi, amma a haɗa da zuwa asibiti, a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. In ba a kai shi ba, akwai wani likitan da ke jiransa a bayan layi, mai sayar da tiramol da ƙwayar barci, kuma mun san inda wannan hanyar ke ƙarewa. An hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma matasanmu ba su daina neman abin da zai kashe musu tunani ba, ya kamata mu tambayi kanmu wane tunani ne suke gudu.

Maganar juriyar mutanen Jos ɗin nan kuma, wallahi na gaji da jinta. Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 garin nan ya kama da wuta, cikin mako guda aka rasa rayuka wajen dubu. A 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone. Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa aka sake kashe ɗaruruwa, Janairun 2010 aka koma, Maris aka yi kisan ƙauyen Dogo Nahawa, jajibirin Kirsimetin shekarar bama-bamai suka tashi, 20 ga Mayun 2014 tagwayen bama-bamai a Terminus suka ci mutum sama da ɗari, Agustan 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba suna dawowa daga zikiri a Bauchi, Disambar 2023 aka yi wa ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi kisan gilla. Kowane karo ana ƙirga gawa. Waɗanda suka tsira da sara a ka, da waɗanda suka ɓuya a silin suna jin ana kashe 'yan uwansu, da matan da aka ci wa mutunci suka haɗiye saboda kunya, su wa ya taɓa ƙirga su? An kafa kwamitin Niki Tobi don binciken rikicin, an kafa na Bola Ajibola, an yi na Solomon Lar, an girke sojoji a shatale-tale, an kafa hukumar wanzar da zaman lafiya ta jiha a 2016, amma ka zaga Angwan Rogo ko Gangare ko Angwan Rukuba ko Tudun Wada ka tambaya mutum nawa aka taɓa zama da su aka ce yaya barcinka. Yaron da yake ɗan shekara goma a 2001 ya ga an yanka mutum a gabansa, yau ya haura talatin, yana da mata da 'ya'ya, kuma ba wanda ya taɓa ce masa komai sai ka yi haƙuri. Sannan mu zo muna mamakin daga ina sara-suka ta fito, muna mamakin me ya sa taya ta fashe a Farin Gada sai kasuwa ta watse kowa ya nufi ɓangaren da 'yan addininsa suke. Ni a ganina abin da ake yabawa da sunan juriya, rabinsa mutane ne da suka gane ba mai sauraronsu suka yi shiru. Kuma kalmar tana yi wa masu mulki daɗi ne saboda wanda aka ce jarumi ne ba a bin sa bashin komai, a zo asibiti da 'yan jarida a ajiye ambulan a kan gado a tafi, shikenan an gama da shi.

Na san abin da za a ce, wai kotu ɓata lokaci ce da kuɗi, gara a kashe wutar a gida. In kotu ta lalace gyara ta ake yi, ba a ce wa mai rauni ya biya kuɗin lalacewarta da yatsunsa.

Kuma dokokin fa suna nan a rubuce, ba wai babu ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa ko da wane dalili. Ta 2017 da Buhari ya sa wa hannu ta ce wanda aka harba a duba shi ko da rahoton 'yan sanda ko babu, ko da kuɗin ajiya ko babu. Dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 da Abuja ke aiki da ita ta amince wanda aka ci zarafinsa yana da haƙƙin samun magani da kulawar ƙwaƙwalwa da taimakon lauya. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958, wadda Turawan mulkin mallaka suka bar mana. Amma ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne kacal, su ma kullum ficewa suke yi zuwa Ingila da Saudiyya. To ba sai mun jira likita ya zo kowane lungu ba. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, tsofaffin mata ya koya wa yadda ake sauraron mai damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, kuma abin ya yi aiki har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Mu da muke da 'yan agaji a kowane masallaci, da malaman Islamiyya, da ƙungiyoyin mata na coci, me zai hana gwamnatin jiha ta horar da su? Kuma duk mai unguwar da zai kira zaman sulhu, a fara da lissafin asibiti da na kwanakin da mutum ya yi ba ya aiki, dangin mai laifi su biya, a bar wanda aka cuta ya zaɓa da kansa ba tare da dattawa goma a kansa ba, wayar ɗaukar bidiyo kuma a bar ta a aljihu.

Jiya da la'asar na raka yaron nan gashin hannu. A hanyar dawowa mai keken da muka hau ya tsaya zai ɗauki wasu samari biyu, sai na ji ya damƙe min gwiwa da hannunsa mai lafiya, ya ce Kawu don Allah mu sauka a nan. Muka sauka muka ƙarasa gida a ƙafa, tafiyar kusan minti arba'in. Da muka shigo layi wani dattijo daga cikin waɗanda suka yi zaman ya ɗaga masa hannu daga kan benci, ya ce a'a, jarumi, ka ga ai har ka warke.