Ramukan gindin katanga ba kuskuren magini ba ne

Yana damuna yadda a Sakkwato ake cewa ƙananan ramukan gindin katangar da ke tare ƙasa a bakin tafkin ruwan sama suna raunana gini, har wasu su toshe su da siminti. Zaton ba abin mamaki ba ne, kowa ya san rami da ɓarna.

Amma ruwan da ya taru a bayan katanga shi ke tura ta, kuma idan zurfinsa ya ninka, ƙarfin turinsa kan ninka sau 4. Shi ya sa ake zuba tsakuwa a baya, a sa bututu, ruwan ya tsiyaye ta waɗannan ramukan. Idan tafki ya janye, yakan bar ƙasar baya jiƙe sharkaf. A lokacin ne katangar da aka toshe take tsagewa ko ta karkace.