Na goge, na goge, wuri bai ƙaru ba

Wai don Allah wane irin abu ne wannan, mutum ya ɓata dare yana goge saƙonnin imel amma kwamfuta ta ce har yanzu a cike take? A shagon da nake aiki nan Jidda duk takardun alhazai ta imel suke shigowa, hoton fasfo, tikiti, rasit, wani ma abu ɗaya sai ya turo sau uku wai ko bai shiga ba. Jiya bayan isha'i na goge fiye da rabi, na leƙa, ko megabait ɗaya bai ragu ba. Ashe suna kwance a kwandon shara. To na zubar da kwandon, shiru kake ji.

Sai yaron maigida, haifaffen Makka, ya ce "Kawu ai gogewa alama kawai take sakawa, saƙon yana nan cikin fayil ɗin da manhajar imel ke tara saƙonni a kwamfutar, sai ka sa manhajar ta matse fayil ɗin tukuna." Kuma wai in fara kwafe fayil ɗin a filas saboda in kwamfutar ta mutu ana tsakiyar matsewa komai na iya lalacewa. Na soka filas, shi ma cike yake da hotunan Hajjin bara, shayina tuni ya huce.