Magidanci Ba Ya Gudu Shi Kaɗai

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, magidanci ba ya gudu sai da dalili, kuma dalilan da jama'a suka sani ba su wuce gobara, ko mahaukacin kare, ko sa ya tsinke igiya ba. Saboda haka lokacin da ma'aikacin asibitin garinmu ya auna jinina ya ce ya hau, ya dubi tumbina ya ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya tana son kowane baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako, gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya mini yadda malamin firamare mai furfura a gemu zai yi sassarfa a bainar jama'a ya tsira da mutuncinsa ba. Ga shi an gama girbi, balle in fake da aikin gona.

Na zaɓi bayan sallar Asuba, cikin hazon hunturu, lokacin da kowa ke takure a bakin wuta. Ban kai rijiya ba wata tsohuwa mai koko ta hango ni, ta dire ƙwaryarta ta rafka salati. Wani mai amalanke ya ce, "Malam, lafiya?" Numfashi bai bar ni na amsa ba, sai na ɗaga masa hannu, shi kuwa ya ɗauka cewa nake yi ya yi ta kansa, ya saki shanunsa ya rufa mini baya. Kafin mu kai tsamiyar bayan gari mun zama ayari guda, wasu da gora, wasu da lauje, kowa yana waiwaye yana tambayar na kusa da shi abin da ya biyo mu. Da na tsaya na yi musu bayanin motsa jiki, babu wanda ya yarda, domin a cewarsu banza ba ta kai zomo kasuwa. Da magariba Baffana ya iso da rubutu a kwalba, ya ce, "Ɗana, ka sha rabi, ka shafa rabi a ka, kuma kada ka ji kunya, abin yana samun kowa."

Wani tsohon ɗalibina ne ya cece ni. Ya durƙusa ya gaishe ni, yana danne dariya, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai akwai masu gudu a garin nan, a filin makarantarku ma suke haɗuwa." Ashe samarin da ke shirin zuwa ɗaukar soja da ta 'yan sanda ne, da 'yan ƙwallon gari, da wani tela da zama ya sangarar masa da ƙugu, duk a ƙarƙashin wani tsohon soja da kowa ke kira Saje.

Abin mamaki, hanyar nan da na bi aka ce na taɓu, ita muka bi cikin sahu muna waƙa, kuma mai kokon nan har guɗa ta yi mana tana cewa Allah ya ba da sa'a. Sauran amfanin kuwa a hankali jikina ya gano shi. Ranar da sanyi ya tsananta na ƙudundune cikin bargo, sai in ji sallama a ƙofar gida, uwargida kuma ta ce, "Malam, 'ya'yanka sun zo," da wata murya da ke nuna tana jin daɗin wahalata. Waƙar da Saje ke bayarwa muna amsawa ba ado ba ce, domin ya ce duk wanda ya kasa amsa waƙa ya wuce ƙarfinsa, sai ya sassauta. Samarin sun san inda yashi ke cinye ƙafa, da inda ƙarangiya ta yi yawa, da rugar da karnukanta ba su san darajar malami ba. Wanda aka bari a baya kuma, ba sai na faɗi ko wane ne ba, akan zagayo a taho da shi.

Wata rana ɗaya daga cikin samarin ya nuna mana a waya yadda Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun kilomita 42 da 'yan kai a ƙasa da awa biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, inda 'yan gudu 41 suka riƙa karɓa-karɓa suna tare masa iska suna daidaita masa taku. Nan take Saje ya ce ai Malam ma ya cancanci wannan gata, ya jera samari biyar a gabana. Abin da bai lissafa ba shi ne, shi Kipchoge a kan kwalta ya yi nasa, mu kuwa a kan burji muke a tsakiyar rani. Iskar kam sun tare ta, amma duk ƙurar da dugadugansu suka tayar ni na shaƙe ta, na dawo gida fari fat kamar wanda ya kwana a injin niƙa, har ƙaramar 'yata ta gan ni ta ruga ɗaki da kuka.

Doka ɗaya ce tak Saje ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: wanda ya makara sai ya yi tsallen kwaɗo. Ranar da ta faɗo kaina, na duba sahun nan kaf ban ga wanda ban taɓa sa wa wannan horo a wannan fili ba. Suka kewaye ni cikin ladabi, hannuwa a baya, babbansu ya russuna ya ce, "Allah gafarta Malam, a kama kunne tukuna, haka aka koya mana." Na kama, suka shiga ƙirga mini da ƙarfi, da sun kai tara sai su ce sun rikice, su koma ɗaya.